Yadda Tumaki Suke Gadon Kunne

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kunnen tumaki. Wani zai ce: kunne kuma? Mene ne abin koyo a kunne? Akwai abin koyo, kuma akwai dukiya a cikin maganar.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar bisashe, ko ta Sabon Mashi, ko ta Badagishiri, ko ta Kundumawa, ko Turaku ta birnin Yamai, ya san yadda ciniki yake tafiya. Kafin mai saye ya dafa gadon bayan rago, ya riga ya dubi kunnensa. Rago mai dogon kunne fato-fato shi ake fara tayawa, shi ne kuma mai tsada.

Saboda haka mutane da yawa su kan tara kuɗi, su sayi irin wannan rago, su kai shi gida domin ya ba su iri. Bayan wata 5 tumaki su haihu. Wani ya dace, 'ya'yan su biyo uban. Wani kuma ya ga akasin haka: wannan da matsakaicin kunne, wancan da gajere kamar na uwarsa, babu ko ɗaya da ya kamo uban. Sai mai garke ya ce dillali ya cuce shi, ko ya ce tumakinsa ne ba su da kyau. Sau da yawa ba haka ba ne. Gado ne yake bin ƙa'idarsa, kuma ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa.

Ga maganar da muke so kowa ya riƙe tun daga farko: abin da muke gani a kunnen rago, ba shi ne duk abin da zai ba 'ya'yansa ba. Mai neman iri sai ya san iyayen rago, ya kuma lura da 'ya'yan da ragon ya haifa.

1. Kunnuwan tumakin ƙasarmu

Muna da tumaki iri-iri, kuma kowane iri da siffar kunnensa.

Balami shi ne mafi girman jiki. Fari ne, hancinsa a tanƙware, kunnensa dogo mai faɗi, a rataye. Tsawon kunnen ya kan kai taƙi guda, wani ma ya wuce.

Uda tumakin Fulani ne. Gaban jikinsu baƙi ne ko ja, bayan kuma fari. Kunnensu dogo ne mai reto. Bali-bali dangin uda ne, sai dai galibi farare ne, su ma da dogon kunne.

Ara-ara tumakin Buzaye ne. Kunnensu bai kai na uda tsawo ba. An san su da jure wa tafiya da ƙarancin ruwa.

'Yan ƙasa su ne tumakin gida da muka saba da su a garuruwan Hausa. Galibi farare ne, da ɗan baƙi a gefen ido da baki. Kunnensu gajere ne, yana miƙe zuwa gefe.

Babban kunne yana da amfani a ƙasa mai zafi. Akwai jijiyoyin jini da yawa a cikinsa. Idan iska ta buga kunnen, jinin ya kan huce kafin ya koma jiki. Haka abin yake ga giwa, da zomo, da yanyawa. Amma wannan ba ya nufin gajeren kunne aibi ne. 'Yan ƙasa sun daɗe suna rayuwa cikin zafinmu lafiya lau.

2. Rabi daga uba, rabi daga uwa

Jikin dabba an gina shi da 'yan ɗakuna ƙanana ƙwarai, kamar saƙar zuma. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A cikin kowane ɗaki akwai waɗansu zaruruwa. Tunkiya tana da zare 54. Akuya tana da 60. Mutum yana da 46.

A jikin waɗannan zaruruwa akwai ƙwayoyi a jere, kamar duwatsun wuya a jikin zare. Su ne muke kira ƙwayoyin gado. Yawansu ya kai wajen dubu 20. Su ne suke faɗa wa jiki irin launin da zai yi, da tsawon ƙafa, da ƙaho, da siffar kunne.

Lokacin barbara, maniyyin rago yana kawo zare 27. Ƙwan tunkiya shi ma yana kawo 27. Idan sun haɗu sun zama 54, ɗa ya samu ke nan. Watau kowace ƙwayar gado biyu-biyu take a jikin dabba: ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa.

Daga nan mun koyi abu biyu. Na farko, uwa ba jaka ba ce da ake ajiyar ɗa a ciki. Rabin gadon nata ne. Na biyu, rago ba ya ba ɗansa duk abin da yake da shi. Rabi kawai yake bayarwa. Kuma rabin da ya ba wannan ɗa, ba shi ne daidai rabin da zai ba wancan ba. Shi ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama kama ɗaya.

3. Mutumin da ya gano ƙa'idar

Wanda ya fara bayyana wannan ƙa'ida sunansa Gregor Mendel. Malamin coci ne a garin Birno, cikin ƙasar da yanzu ake kira Cek, a Turai. Ba da tumaki ya yi aikinsa ba. Da wani irin wake ya yi, a cikin lambu.

Ya haɗa dogon wake da gajere. 'Ya'yan duka suka fito dogaye. Gajarta ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Sai ya bar waɗannan 'ya'ya suka ba da nasu iri, ya shuka, ya ƙirga. Ya sami dogaye 787, gajeru 277. Watau a cikin kowane 4, dogaye 3 ne, gajere 1. Ashe gajarta ba ta ɓace ba, ɓuya ta yi.

Mendel ya bayyana aikinsa a shekara ta 1865. Mutane ba su kula da shi ba sai a shekara ta 1900, bayan ya rasu. Makamin aikinsa kuwa ba wani abu ba ne illa lura, da ƙirga, da rubutawa.

Mu ma mun san irin wannan ɓuya a garkunanmu. Farin rago da farar tunkiya su kan haifi baƙin ɗa. Mutane su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Alhali baƙin yana ɓoye a jikin iyayen duka biyu, sun gado shi daga kakanni, yau ne ya haɗu ya fito.

4. Guntun kunne: gado mai ƙwaya ɗaya

Gadon kunne iri biyu ne. Bari mu fara da mai sauƙin ganewa.

A cikin tumakin waɗansu ƙasashe ana samun dabbar da aka haifa da guntun kunne, kamar an datse shi. Ana kuma samun wadda aka haifa ba kunne sam, sai ɗan tsiro a bakin kafar. An san wannan hali a tumakin karakul, waɗanda asalinsu yankin Buhara ne a tsakiyar Asiya. An san shi a tumakin awasi na ƙasashen Jodan da Siriya da Iraƙi. An san shi kuma a tumakin Altai na ƙasar Sin.

A lura: ba gajeren kunnen 'yan ƙasa muke nufi ba. Na 'yan ƙasa gajere ne amma cikakke, haka irinsu yake. Muna maganar kunnen da ya gaza na iyaye da dangi ƙwarai, tun daga haihuwa.

Masana sun daɗe suna bin wannan hali. Wani mai suna Ritzman ya yi rubutu a kansa a Amurka a shekara ta 1916. Wani mai suna Lush ya bi shi a tumakin karakul a shekara ta 1930. A shekara ta 2020 masana a ƙasar Sin suka gano ainihin wurin da canjin yake a jikin zaren gado na tumakin Altai. Abin da aka fahimta shi ne, ƙwaya ɗaya ce take riƙe da maganar, kuma tana da fuska biyu: ta cikakken kunne, da ta rashin kunne.

Tun da kowace dabba tana da ƙwayar biyu, abu uku ne zai iya faruwa:

– Idan duka biyu na cikakken kunne ne, dabba ta fito da cikakken kunne.
– Idan ɗaya ta cikakke ce, ɗaya ta rashi, dabba ta fito da guntun kunne.
– Idan duka biyu na rashi ne, dabba ta fito ba kunne.

Ga kuma abin da barbara take bayarwa:

– Cikakke da cikakkiya: 'ya'ya duka cikakku.
– Cikakke da marar kunne: 'ya'ya duka masu guntun kunne.
– Mai guntu da cikakkiya: rabi cikakku, rabi masu guntu.
– Mai guntu da mai guntu: a cikin 4, cikakke 1, masu guntu 2, marar kunne 1.

Guntun kunne ba ciwo ba ne, ba ya kuma yaɗuwa daga dabba zuwa dabba. Amma yana rage kuɗi. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasarmu suke bi, sun bayyana cewa dabbar da aka haifa ba kunne, ko mai ƙanƙanen kunne ƙwarai, ba ta isa layya. Ragon da ba a layya da shi kuwa ya rasa babbar kasuwarsa.

Idan irin wannan hali ya ɓullo a garke, maganinsa ba wuya. Wannan ƙwaya ba ta iya ɓuya kamar baƙin gashi. Mai ɗauke da ita, kunnensa ya kan nuna. Kada a bar rago mai guntun kunne ya yi barbara. A fiɗiye shi, a turke shi, a sayar wa mahauta. Tunkiya mai guntun kunne kuma a ba ta rago mai cikakken kunne, a riƙe cikakkun 'ya'yanta kawai domin iri.

5. Mu gwada da wake

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ga gwajin da za ku iya yi a gida, ko a wurin karatu.

Ku sami ƙwarya biyu. Ɗaya ita ce rago, ɗaya ita ce tunkiya. A kowace ƙwarya ku zuba farin wake 10 da jan wake 10. Farin wake shi ne ƙwayar cikakken kunne. Jan wake shi ne ƙwayar rashin kunne. Ke nan ragonku da tunkiyarku duka masu guntun kunne ne.

Mutum ɗaya ya rufe ido, ya ɗauki wake ɗaya daga kowace ƙwarya. Wannan wake biyu su ne ɗa guda. Wani ya rubuta abin da ya fito. A mayar da waken, a motsa, a sake. A yi haka sau 40.

Idan kun ƙirga, za ku ga fari da fari sun fito kusan sau 10. Fari da ja kusan sau 20. Ja da ja kusan sau 10. Ba lalle ya zama cif ba, amma zai yi kusa.

Sai ku canza. Ku kwashe jan wake daga ƙwaryar rago, ku bar fari zalla. Ku sake ɗiba sau 40. Ja da ja ba za su ƙara haɗuwa ba ko sau ɗaya. Kun ga aikin zaɓen rago ke nan.

Wannan gwaji yana koya mana wani abu kuma. Idan mun ce 1 cikin 4, ba muna nufin kowace haihuwa ta huɗu ba. Ja da ja suna iya fitowa sau biyu a jere, suna iya daɗewa ba su fito ba. Saboda haka ba a yanke wa rago hukunci da ɗa ɗaya. Sai an ga 'ya'ya da yawa.

6. Dogon kunne: gado mai ƙwayoyi da yawa

Yanzu mu zo ga iri na biyu, wanda ya fi shafar garkunanmu. Bambancin da ke tsakanin kunnen balami da na 'yar ƙasa ba ƙwaya ɗaya ce take riƙe da shi ba. Ƙwayoyi ne da yawa, kowace tana ƙara ɗan tsawo, ko ɗan faɗi, ko ɗan reto. Kamar aikin gayya ne: kowa da kuyyar da ya noma, a haɗa a sami gona. Masana sun riga sun gano ɗaya daga cikin manyan waɗannan ƙwayoyi. Ita ce kuma aka samu tana da hannu a faɗuwar kunnen karnuka.

Idan balami tsantsa ya hau 'yar ƙasa tsantsa, ɗan ya kan fito tsaka-tsaki. Kunnensa ya fi na uwa, bai kai na uba ba. Rabinsa balami ne, rabi ɗan ƙasa. Wannan shi ne ruwa biyu.

A nan mutane suke asarar kuɗi. Ragon ruwa biyu, idan ya sami harawa da dussa, ya kan yi girma ya yi kyau. Kunnensa yana reto. A kasuwa sai a kira shi balami. Amma kama da wane ba ta wane. A jikinsa rabin ƙwayoyin na gajeren kunne ne.

Mu yi lissafi. Ragon ruwa biyu ya hau 'yar ƙasa. Uwa ta ba da rabinta, duka na 'yan ƙasa. Uba ya ba da rabinsa, wanda yake gauraye. Idan an haɗa, ɗan ya tashi da kusan kashi 1 cikin 4 na balami, kashi 3 na 'yan ƙasa. Dole kunnensa ya fi kusa da na uwa. Ragon bai yi laifi ba, tunkiyar ba ta yi laifi ba. Abin da yake da shi ya bayar.

Idan kuma ruwa biyu ya hau ruwa biyu, 'ya'ya su kan fito barkatai. Wani dogon kunne, wani gajere, mafi yawa tsakiya. Ba mai iya faɗin abin da za a haifa.

Wanda yake so garkensa ya koma balami, ga hanya. Ya sa balami tsantsa a kan tumakinsa: 'ya'ya su zama rabi. Ya riƙe matan, ya sa musu wani balami tsantsa: jikoki su zama kashi 3 cikin 4. Ya sake riƙe matan, ya sa musu wani kuma: tattaɓa kunne su zama kashi 7 cikin 8. Wannan aiki yana cin shekara 3 zuwa 4, kuma yana bukatar raguna uku waɗanda ba dangin juna ba. Babu gajeriyar hanya.

7. Abin da ba a gado

Makiyaya, Fulani da Buzaye, suna tsaga kunnen bisashensu domin shaida. Tun kaka da kakanni ake yin haka. Amma har yau ba a haifi ɗan tunkiya da shaidar gidansu a kunne ba. Kowane ɗa yana zuwa da kunnensa cikakke. Wuƙa tana taɓa fata, ba ta taɓa ƙwayar gado. Haka kunnen da ƙaya ta yaga, ko kare ya ciza: ba a gadonsa. Rago mai yagaggen kunne yana iya ba da iri mai kyau.

Sai dai mai yin shaida ya sassauta hannu. A mazhabar Malikiyya, dabbar da ta rasa fiye da sulusin kunnenta ba ta isa layya. Ƙaramar shaida ta wadatar.

Ana jin wasu suna cewa ragon da ya fara hawan tunkiya, shi 'ya'yanta za su riƙa biyowa har abada. Ba haka ba ne. Kowane ciki na ragon da ya yi shi ne. Abin da ya kan rikita mutane shi ne yawo. Tunkiya tana neman rago kusan kowane kwana 17, kuma neman yana ɗaukar yini ɗaya zuwa yini da rabi. Idan tana yawo a gari a wannan lokaci, kowane rago yana iya hawanta. Har tagwaye ma suna iya zama kowa da ubansa. Mai garke yana zaton ragonsa ne, alhali na maƙwabci ne.

Yunwa ma ba ta canza ƙwayar gado. Tana hana ɗa kai girman da ya gada ne kawai. Ɗan balamin da bai ƙoshi ba zai tsumbure, ko da kunnensa yana reto.

Akwai kuma faɗuwar kunne wadda ba ta gado ba ce. Tunkiyar da kunnenta ya saba miƙewa, idan ya faɗi dare ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ƙi ci, wannan alamar ciwo ce. A duba cikin kunnen ko akwai kaska ko ƙurji. A ware ta daga garke, a nemi likitan dabbobi.

8. Abin da kunne ba ya faɗa

Kunne yana nuna dangin da dabba ta fito. Iyakarsa ke nan. Ba ya faɗin yawan nonon da 'yar ragon za ta yi. Ba ya faɗin ko za ta riƙa haifar tagwaye. Ba ya faɗin juriya ga yunwa da ciwo. Waɗannan halaye suna da nasu ƙwayoyin dabam. Mahauci kuma nama yake aunawa, ba kunne ba.

Babbar dabba babban ciki gare ta. Balami yana cin abinci fiye da ɗan ƙasa. Gidan da yake da harawa, da ƙowa, da dussa, da 'ya'yan gawo har zuwa faɗuwar damina, zai ci ribar balami. Gidan da abincin bisashe yake ƙarewa tun tsakiyar rani, 'yan ƙasa ko ruwa biyu sun fi masa rufin asiri. Kafin mutum ya sayi dogon kunne, ya fara leƙa rumbunsa.

Dogon kunne yana son kulawa. Ƙaya tana kama shi, kaska tana ɓuya a cikinsa. Idan ya yage, ƙuda ya kan zauna a ciwon, tsutsa ta shiga. A wanke ciwon da ruwan da aka tafasa aka sa ɗan gishiri, a nemi magani wurin ma'aikatan kiwo.

9. Yadda za mu zaɓi ragon iri

Rago ɗaya ya isa tumaki 20 zuwa 30. Tunkiya tana ba da gadonta ga 'ya'yanta kaɗai, amma rago yana ba da nasa ga 'ya'yan garke duka. Shi ya sa kuskure a zaɓen rago ya fi tsada. Ga abubuwan da za mu kiyaye:

Na 1. Mu sayi ragon iri a garken da muka sani. Mu ga uwarsa, mu ga ubansa, mu ga 'yan uwansa. Idan duka kamarsu ɗaya, ragon tsantsa ne. Idan sun bambanta, ruwa biyu ne. Sayen ragon iri ba a san iyayensa ba, cinikin biri a sama ne.

Na 2. Mu tambayi halin uwarsa: tana da nono? Tana haihuwa kowace shekara? 'Ya'yanta suna rayuwa?

Na 3. Mu duba jikinsa: faɗin ƙirji, da gadon baya, da ƙafafu miƙaƙƙu, da ido garau. 'Ya'yan marainansa su zama biyu, girmansu ɗaya, ba kumburi.

Na 4. Mu buɗe bakinsa. Manyan haƙora 2 na gaba suna fitowa tsakanin shekara 1 da shekara 1 da rabi. Idan sun cika 8, ragon ya kai wajen shekara 4. Mai haƙora 2 ko 4 shi ne yake kan ƙarfinsa.

Na 5. Sai bayan wannan duka mu dubi kunne.

Na 6. Kada rago ya hau 'yarsa, ko uwarsa, ko 'yar uwarsa. Barbarar dangi tana sa miyagun ƙwayoyin da suke ɓoye su haɗu. 'Ya'ya su fito raunana, mace-mace ya yawaita. Mu canza rago kafin 'ya'yansa mata su isa barbara. Wanda ba shi da kuɗin sabo, ya yi musaya da mai kiwo na wani gari.

Na 7. Kada mu sayar da mafi kyawun raguna duka lokacin layya, mu bar tsumburarre yana hawan tumaki. Abin da mutum ya shuka shi zai girba. Manomi ya kan ware mafi kyawun zangarniya domin iri tun kafin ya kai hatsi kasuwa. Mai kiwo ma haka ya kamata ya yi.

Na 8. Ragunan da ba na iri ba, a fiɗiye su tun suna ƙanana, ko a turke su nesa da tumaki.

10. Kayen garke

Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa. Kowane mai tumaki, ko da 3 gare shi, ya sami kaye ɗaya. Kowace tunkiya a ba ta shafi guda, a rubuta sunanta ko kamarta a sama. Duk lokacin da ta haihu a rubuta abu 6:

– ranar haihuwa
– ragon da ya hau ta
– ɗa ɗaya ne ko tagwaye
– namiji ne ko mace
– kunnensa: dogo, matsakaici, gajere ko guntu
– yadda ya kasance bayan wata 6: ya yi girma, ya tsumbure, ko ya mutu

Bayan shekara 2 kayen zai faɗa muku ragon da yake ba da abin da kuke so, da tunkiyar da ta cancanci a riƙe. Ranar da za ku sayar da ɗan rago domin iri, kuna da shaidar asalinsa a rubuce, kuma mai saye ya san abin da yake biya.

Tambayoyi

1. Zare nawa ɗan tunkiya yake samu daga uba, nawa daga uwa?
2. Rago mai guntun kunne ya hau tunkiya mai guntun kunne. A cikin 'ya'ya 4, nawa ake sa ran za su fito ba kunne?
3. Ragon ruwa biyu ya hau 'yar ƙasa. Kashi nawa na balami ɗan zai samu?
4. Don me ɗan tunkiya ba ya gadon shaidar da aka tsaga a kunnen uwarsa?
5. Ku kawo abubuwa 3 da ya kamata a duba kafin a dubi kunnen ragon iri.

Aikin gida: ku yi gwajin wake sau 40, ku rubuta abin da kuka samu, ku gwada da na abokan karatunku. Sannan kowa ya buɗe shafin farko na kayen garkensa da tunkiyar da take da ciki yanzu.